Tsohon da Ya Ce Ya Gaji da Duniya, a Saurare Shi

Jama'ar Yamai, mu gaya wa kanmu gaskiya. In tsoho ya ce "na gaji da duniya", me muke cewa? "Baba, rikicin tsufa ne, yi istigfari." Shi ke nan, kowa ya koma kan salularsa.

Wasu za su ce ai mutum ya kashe kansa haramun ne. Haka ne, ba musu. To, barin mahaifi a ɗakin baya, ba magani, ba abokin hira, shi halal ne? Amma ranar sadakar arba'in, daga Bukoki har Harobanda, sai rumfuna da yankan rago!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma a yawancin sassan duniya abin ya fi tsanani ga 'yan shekara 70 zuwa sama.

Ciwon damuwa yana da magani. Tsoho ya ƙi tuwo, ya bar masallaci, ya fara rabon kayansa? A tambaye shi kai tsaye, a ɓoye maganin ƙwari, a kai shi Pavillon E na babban asibitin Yamai. Tsoron bakin mutane bai kai ran Baba ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe su.