Mu San Maƙwabtanmu, Mu Rubuta Tarihinmu

'Yan uwa mazauna Katuzu da kewaye,

Duk lokacin da yaro ya je neman takardar shaidar asali domin makaranta ko aikin gwamnati, tambayar da ake fara yi masa ita ce: kakanka daga ina ya zo? Sau da yawa amsarmu ba ta wuce "mun daɗe a nan" ba. Wannan amsa ba ta isa hujja ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila ko mahaifa, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar. Amma doka tana bukatar mai riƙe da shaida.

A nan ne ilimin nazarin al'adun al'umma yake da amfani gare mu. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 yana bayyana yadda suka riƙe cinikin goro da shanu ta hanyar fatoma, amana da sarautar unguwarsu. Yau mai neman tarihin Sabo yana da abin dubawa. Mu fa, wa ya rubuta namu? Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, fatake da 'yan ci-rani suka biyo shi. Dattawan da suka ji wannan labari daga bakin iyayensu suna ƙarewa.

Ilimin nan yana kuma koya mana girmama masu masaukinmu. Masana harsuna sun nuna cewa Badanci da Hausa dangi ne, daga reshe ɗaya na harsunan Chadi. Yaranmu nawa ne suka iya gaisuwa da Badanci, ko suka san matsayin Gogaram a tarihin masarautar Bade? Wanda ya san al'adar maƙwabcinsa, maganarsa ta fi samun shiga a fada da ƙaramar hukuma.

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci ya zaunar da dattawan gidansa, a rubuta asalinsu, shekarar zuwansu da sana'arsu, a adana takardun haraji da na filaye. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa su taimaka wajen tattarawa, ƙungiya ta ajiye kwafi.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.