A Tanadi Masauki Kafin A Rushe

Duk shekara idan ruwan Agusta ya kankama, a Funtuwa da Malumfashi akan ga gidan haya bango ya tsage, rufi yana yoyo, amma mutane na nan zaune a ciki. Sun ga haɗarin sarai, sai dai ba su da inda za su. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara, jama'a suka yi ta kwarara cikin garuruwan nan biyu, ɗaki ya yi tsada. Wasu masu gidaje kuwa suka shiga ƙara ɗakuna da bulon da aka yi wa rowar siminti, har da ɗora bene a kan harsashin da ba a haƙa shi domin haka ba.

Maganin da hukuma ta saba da shi shi ne a shafa jan fenti a bango, a ba da wa'adi. Wannan bai isa ba. Benen da ya rufta a Ita-Faji cikin Ikko a watan Maris na 1919 da ɗari, wato 2019, ya kashe mutum 20, akasarinsu 'yan makaranta, alhali kuwa an riga an yi masa alamar rushewa. Alama ba ta fitar da wanda ya biya kuɗin shekara.

To, ina za a kai su? A nan ne ya kamata a tuna da gidajen Shagari. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari a 1980 za ta riƙa gina gida 2,000 kowace shekara a kowace jiha, amma ko rabi ba a kai ba, da yawa kuma aka kafa su can bayan gari, babu ruwa, babu wuta, babu abin hawa. Wasu suka shekara da shekaru ba kowa sai ƙadangaru. Mutumin wannan yanki abincinsa yana gonar masara da auduga, ko bakin kasuwa, ko tasha. Wanda aka kai nesa da waɗannan, ko mako ba zai yi ba zai komo ɗakin nan mai tsagewa.

Saboda haka lalle ne hukumar tsara birane ta Jihar Katsina ta kewaya da rani, tun ƙasa na bushe, ta rarrabe gidan da zai gyaru da wanda sai rushewa. Ƙananan hukumomin biyu su kama wa waɗanda abin ya shafa ɗakuna a cikin gari, a unguwar da suka sani, kafin katafila ta iso. Mai gidan da ya yi gini ba izini shi zai mayar da ragowar kuɗin haya, ya kuma ɗauki nauyin gyara. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar ginin da bai taɓa takawa ya gani ba, shi ma a tuhume shi tare da mai gidan.