Wa Zai Riga Hutawa, Mai Tarin Kuɗi Ko Mai Eka?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ajinmu a zangon karatun da ya wuce, wadda har yau ba ta mutu ba. Malaminmu na tattalin arziki ne ya ba mu labarin waɗansu mutane a Amurka da suka ce su ba za su yi aiki har furfura ta cika musu kai ba. Tun suna samari suke tsuke bakin aljihu, su ajiye rabin albashinsu ko fiye, su zuba a hannun jarin kamfanoni. Idan abin da suka tara ya ninka abin da suke kashewa a shekara sau 25, sai su ajiye aiki, su riƙa cirar kashi 4 cikin 100 kowace shekara suna cin abinci. Wani ma bai wuce shekara 40 ba yake yin haka.

Nan take aji ya ruɗe, kowa ya ce shi ma haka zai yi. Ba laifinmu ba ne, domin mun san ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan sai ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki kafin ya yi ritaya, kuma mun sha ganin dattawa suna jeka-ka-dawo a kan garatuti da fansho. Wa zai so haka? Amma ni da na koma gida na zauna da lissafin, sai na ga wannan riga ba a jikinmu aka gwada ta ba. A ce gida yana kashe naira 200,000 a wata, watau naira miliyan 2 da 400,000 a shekara. Sau 25 ke nan naira miliyan 60. To, a ce ma mutum ya yi ta maza ya tara su, ina zai ajiye? A shekarar 2024 tsadar kaya a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara guda. Wanda ya kulle miliyan ɗaya a akwati a farkon irin wannan shekara, kafin ƙarshenta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuɗin za su saya masa ya tafi, alhali ko ɓarawo bai shigo ba. Ga shi kuma yawancin iyayenmu ba za su yarda su ci kuɗin ruwa ba, ko nawa ne.

Don haka ni ra'ayina shi ne, a nan ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda yake son ya huta da wuri ya daina kallon tarin takarda, ya dubi ƙasa mai ruwa. Mu da muka tashi muka tarar da ruwa yana gudu a kanal tsakiyar watan Maris, ba mu san darajarsa ba. Kakanninmu kuwa sun san lokacin da ba haka abin yake ba, lokacin da ana gama girbi sai maza su ɗaure ƙunshi su tafi ci-rani. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala a 1974, sannan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are wadda take kula da aikin. Ruwan yana gangarowa da kansa daga babban kanal zuwa ƙanana har bakin gona, ba inji ba fetur. Sai da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, sannan masu ban-ruwa da inji a bakin rafi suka fahimtar da mu irin gatan da muke ciki. Eka ɗaya a cikin wannan aiki tana ba da shinkafa da damina, ta ba da alkama ko tumatir ko albasa da rani. Idan kaya suka yi tsada, abin da ta haifa shi ma ya yi tsada. Wane akwati ne zai yi maka wannan?

Ba daga littafi na samo wannan ra'ayi ba, a gidanmu na gani. Da kakanmu ya rasu aka raba gado, Baba da ƙanensa, watau Baffana, kowa ya sami eka biyu. Baffa ɗan boko ne, yana aikin albashi a birni, kuma haƙiƙa shi ma burinsa ke nan ya ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa. Sai ya sayar da nasa kason, ya haɗa da ɗan abin da ya tara ya sayi motar haya, ya ba direba, da nufin kullum yamma a kawo masa ciniki yana zaune. Shekara ta farko abin gwanin sha'awa. Daga nan sai yau taya, gobe giya, jibi direba ya ce ba fasinja. Kafin shekara huɗu motar tana kan duwatsu a garejin bakanike, aka sayar da ita a kuɗin da ba za su sayi ko rabin eka ba, domin ita mota kullum tsufa take yi, gona kuwa kullum tsada. Yanzu Baffa ya yi ritaya a lokacin da doka ta ce, ba lokacin da ya so ba, kuma kowane rani haya yake kamawa. Abin da ya fi ba ni tausayi, ekar da yake haya tana maƙwabtaka da wadda ya sayar. Ban faɗi wannan don in ci mutuncinsa ba, shi da bakinsa ya ce in rubuta, wai ko wani ya shafa wa gemunsa ruwa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa riƙe gona kaɗai ya isa. Da haka ne, da duk manoman Kadawa sun zama attajirai. Akwai mai eka biyar da bai fi ɗan ƙodago 'yanci ba, saboda tun kafin ya yi shuka ya ci bashin taki da iri da maganin feshi, kuma mai bashi yana tsaye a bakin gona ranar girbi. Kowa ya je kasuwar Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir ya ga abin da nake faɗi: kwanduna jibge a rana, dillali yana taya yadda ya ga dama, manomi ba shi da bakin cewa a'a domin kayan gwari ba ya kwana biyu yana jiran ciniki. Baba ma ya ɗanɗana. A 2016, shekarar da aka buɗe kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, ya zuba tumatir a gonarsa duka, da bashi. A shekarar ce tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina. Ina ƙarami a lokacin, amma ban manta daren da Baba ya kasa cin tuwo ba. Dole ya jinginar da eka ɗaya, kuma sai da ya shekara uku kafin ya fanso ta. Mutane da yawa sun ce ya sayar kawai ya huta da bashi, ya ƙi.

Tun daga nan ya sauya tsari. Bai ƙara zuba abu ɗaya a gona duka ba. Bai ƙara shiga noma da bashin da za a biya ranar girbi ba, gara ya noma kaɗan da kuɗinsa. Idan an yanke shinkafa, yakan fitar da zakka, ya ware ta ci, ya ware iri, ya sayar da abin da zai biya 'yan ƙodago, saura kuma ya kai sito. Wata Inna ce take turarawa a kai injin casa a Kura, ribar da wani zai ci a tsakani ta tsaya a gida. Ga bijimai biyu da yake turkewa da harawa da dusa da bambaron gonar, su ba shi taki, ya sayar gab da Babbar Salla. Da haka, sannu sannu, eka biyu ta zama huɗu. Yau Baba bai kai shekara 55 ba, amma ya daina duƙawa. Biyu ya bayar haya, biyu yayyena suke nomawa yana duba su. Na taɓa ce masa, "Baba, ashe kai ma ka yi ritaya irin ta mutanen Amurka?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ni ban san wannan ba. Abin da na sani, yau ko dillali ya zo ya taya, ina iya ce masa Allah ya kawo kasuwa, in juya in shige gida."

A ganina wannan ita ce ainihin ma'anar tsayawa da ƙafafunka a wurinmu. Hutun da Bahaushe yake nema ba kwanciya a kan tabarma ba ne, don mai zaman banza ko yana da kuɗi ba ya daraja a gari. Baba har gobe da sassafe yana bakin kanal. Bambancin shi ne yana zuwa ne don ya so.

Abokina da muka fi yin gardamar nan da shi ya kawo hujja biyu, kuma ba zan ɓoye su ba. Ta farko, ya ce ajiya ma caca ce, domin a 2025 farashin shinkafa da masara ya faɗi bayan gwamnati ta sassauta shigo da abinci daga waje, waɗanda suka cika sito suna jiran tsada suka yi asara. Gaskiya ne, mu ma ta taɓa mu. Sai dai wanda ya ajiye kayan gonarsa riba ce ta ragu, kuma abincin gidansa yana nan. Wanda ya ci bashi ya sayi na ajiya shi ne ya kwana ciki.

Hujja ta biyu ita ce ta hana ni barci. Ya ce, "Ku nawa ne a gidanku?" Na ce mu tara. Ya ce, "To raba eka huɗu." Na yi shiru. Kanal ba ya ƙara tsawo don an yi haihuwa, kuma abin da ya 'yantar da Baba ba zai 'yantar da mu tara ba idan duk muka tsaya jiran gado. Wannan ne ya sa nake ganin mu 'yan makaranta namu aikin ya fi na iyayenmu wuya. Dole mu nemo kuɗi daga wajen gona mu kawo cikin gona. Wani ya zama malamin gona, wani likitan dabbobi, wani ya koyi gyaran injin casa da na ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wata ta koyi yin kauɗar tumatir mai tsabta da za ta shiga kanti maimakon shanya a gefen titin Zariya. Wanda Allah ya ba aikin albashi, ya ɗauke shi kamar guga, ya ja ruwa da shi ya zuba a inda zai tsaya. Kuma, iyayenmu ku yi mini afuwa, a rage abin da ake ƙonawa a biki. Na san gidan da aka jinginar da gona don kayan ɗaki da gara, amarya ta haihu biyu gonar ba ta dawo ba.

Ni dai na fara nawa lissafin. Da kuɗin da na samu a dashen shinkafa da tsinkar tumatir lokacin hutu na sayi tunkiya a bara, ta haifi biyu, na sayar da ɗaya na biya kuɗin jarrabawa. Baba ya yi mini alkawarin zai ara mini rabin eka a rani mai zuwa, da sharaɗin ba zai ba ni ko mudun taki ba, kuma in kawo masa littafin da na rubuta duk abin da na kashe. Baffa ya ce zai taya ni rubutun, tun da shi akawu ne. Albasa nake son sawa, Inna kuwa ta ce alkama, har yanzu ba mu daidaita ba.