Kada Mu Karya Motar Kara

Duk wanda ya zaga unguwannin Potiskum da yamma, musamman bayan girbi, ba zai rasa ganin yaro yana jan motar da ya ƙera da hannunsa ba. Wata ta karan dawa ce, wata ta gwangwanin madara, ƙafafunta kuwa daga tsohon silifa aka yanko su. Ba abin mamaki ba ne, domin garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma ya yi suna wajen manyan motocin da ke kwasar shanu da hatsi zuwa kudu. Abin da yaro ya tashi yana gani, shi yake kwaikwayo.

Abin takaici shi ne yadda mu manya muke kallon wannan aiki. Sau da yawa uba yakan tarar da ɗansa yana feƙe kara, sai ya daka masa tsawa, ya ce ya daina shiririta ya ɗauki littafi. Wani ma har ya taka motar. A ganina wannan kuskure ne. Yaron nan karatu yake yi, sai dai ba mu gane darasin ba.

Mu dubi abin da ake yi a wasu ƙasashe. A Ingila da Jamus da Amurka akwai dattawa, ciki har da injiniyoyi da likitoci, waɗanda suke shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a lambun gidansu. Wasu sukan sayi jirgin a kanti, amma waɗanda aka fi girmamawa su ne masu ƙera kan jirgin da taragunsa tun daga farko, da katako da tagulla da tarkacen ƙarfe. A garin Beaconsfield na Ingila akwai wani lambu mai suna Bekonscot, wanda aka buɗe a 1929. Har yau mutane suna biyan kuɗi su kalli ƙananan jiragen ƙasa suna ratsa ƙananan gidaje da gadoji a cikinsa. Ba wanda yake kiran wannan shiririta.

To, mene ne bambancin aikin waɗannan dattawa da na yaron Potiskum? Ba basira ba ce, ba kuma kayan aiki ba. Bambancin shi ne awo. Yaronmu da ido yake kintata komai, su kuwa sai sun auna kafin su yanka. Ga misali. Faɗin tsohon layin dogon Nijeriya, wanda ya iso Kano a 1911, milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Faɗin layin da masu jirgin lambu suka fi amfani da shi milimita 45 ne. Idan aka raba na farko da na biyu, za a ga babban ya ninka ƙaramin kusan sau 24. Saboda haka wanda yake son ya ƙera samfurin jirginmu, sai ya raba kowane awo gida 24. Tarago mai tsawon mita 12 zai dawo santimita 50. Direba mai tsayin santimita 168 zai dawo santimita 7. Wannan shi ne lissafin da ɗalibai suke kuka da shi a kan allo, ga shi ya zama abin da ake taɓawa da hannu.

Shi ya sa nake ganin jirgin ƙasa ya fi mota koyar da yaro. Mota ko ta karkace za ta tafi, amma jirgi ba ya yafe kuskure. Idan ƙafafun tarago suka fi layi faɗi ko da kaɗan ne, ba zai hau ba. Idan ba a yi wa kowace ƙafa ɗan baki ta ciki ba, zai goce. Idan kwana ta yi tsanani, ko kaya suka yi nauyi a sama, zai kife. Kowace faɗuwa tambaya ce, kuma dole yaro ya nemo amsarta da kansa. Ta haka yake koyon haƙuri da natsuwa da gyara kuskure ba tare da jin kunya ba.

Wani zai ce jirgi ba ya bi ta Potiskum, ina yaranmu za su san shi? Gaskiya ne, amma layin dogo ba baƙo ba ne a Jihar Yobe. Wanda ya taso daga Kano ya isa Nguru a 1930, wanda ya bi ta Bauchi da Gombe kuwa ya ratsa Buni, ya isa Maiduguri a 1964. Ga kuma sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin milimita 1,435. Ƙasar da take shimfiɗa layin dogo tana bukatar masu gyara da masu ƙira, kuma ba daga sama za su faɗo ba.

Iyaye ma suna da tasu hujja, bai kuwa kamata a yi watsi da ita ba. Suna tsoron reza da kaifin gwangwani, suna ƙyamar yawon bola, suna kuma gudun kada wasa ya cinye lokacin karatu da na Islamiyya. Amma maganin wannan shi ne kulawa, ba hani ba. A ware wa yaro lokaci, a ba shi almakashi da ma'auni, babba ya zauna kusa da shi. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka, tun yana yaro ya fara zanen motoci. Da an yaga masa takardunsa, wa ya san asarar da za a yi?

Shawarata ga makarantunmu mai sauƙi ce. Kowace sakandare ta keɓe ɗan fili a gindin bishiya, ɗalibai su shimfiɗa layi da siraran katako. Wani aji ya ƙera kan jirgi, wani taragun shanu, wani tasha da gada. A sa 'yan mata a ciki daidai da maza. Malamin lissafi ya duba awo, a gayyato kafinta ko maƙeri daga cikin gari ya nuna yadda ake riƙe kayan aiki. Potiskum tana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha, don haka ba za a rasa masu jagora ba. Kara kyauta ne, gwangwani ma haka.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ka ga ƙanenka ko ƙanwarka suna haɗa motar kara, kada ka yi musu dariya. Miƙa musu ma'auni, ka tambaye su: sau nawa ta gaske ta ninka wannan?