Uwargida, Ɗaga Kafet Ɗin Motar Ki Duba

Na san wata za ta ga kan maganar nan ta ce, yau kuma Malama gareji ta koma? Ina ruwan mace da jikin mota? To 'yar uwa, ɗan yi haƙuri ki ji abin da ya kawo maganar.

A daminar bara mun taso daga Funtuwa za mu koma gida Ruwan Godiya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ƙaramar 'yata da ke zaune a baya ta ce, "Umma, takalmina ya jiƙe." Na ɗauka gilashi ne bai rufu ba. Da muka isa na ɗaga kafet, sai ga ƙasa ina hangowa ta wani rami da yatsuna uku za su shige, gefensa ya yi ja yana marmashewa kamar ƙanzo. Motar nan kuwa, tsohuwar Golf ce, da kuɗin adashena da tumakina biyu aka cika aka saye ta. Ita ke kai mu asibiti idan lalura ta taso cikin dare, kuma kin san hanyoyinmu na nan yankin Faskari ba wurin da mutum zai so mota ta ba shi matsala ba ne. Kin ga kuwa da ruwana.

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun taru a kansa, shi ya sa ake lulluɓe mota da fenti. Da zarar fentin ya ƙwarzane, ko tsakuwa ta ɓantare shi, ƙofa ta buɗe. Mugun halinta shi ne tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta ɗaga fentin da ke kusa, ta kuma riƙe laima kamar soso, ta ci gaba da ci ta ƙarƙashi. Don haka ɗan ƙurjin da kike gani a gindin ƙofa, wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, abin da ke bayansa ya fi shi faɗi.

Gishiri kuma shi ke ƙara mata sauri. Yawancin motocin hannu da ake kira 'yan Kwatano daga Turai suka fito, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, saboda haka wasu da cutarsu a ƙarƙashi suke zuwa. Mu kuma nan sai mu ɗora namu. Wa ya taɓa tunanin takin zamani? Da an shiga Yuni maigida zai loda buhunan yuriya da kamfa a but, buhu ɗaya ya tsage, takin ya zube ya shige lungu. Taki yana jan laima, yana kuma cin ƙarfe, duk wadda ta ga yadda yake yi wa baro ko kwanon awo ta sani. Ga akuyar da aka ɗaure a but za a kai kasuwar Sheme ta yi fitsari a hanya, ga jarkar ruwa mai yoyo, ga kunun da yara suka zubar aka goge sama aka bar ƙasa. Tamu motar, da aka ciro tayar safaya, ruwa muka tarar kwance a raminta, Allah kaɗai ya san watansa nawa.

Nan ne aikinki yake, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Maza gaban mota suke dubawa, inji da taya da mai. Bayan mota kuwa ke da yaranki ke zama a ciki. Idan an yi ruwa, sa hannu ƙarƙashin kafet ki ji, in da danshi a fitar da shi a shanya, a bar ƙofofi buɗe rana ta shiga. A share but tas bayan an ɗauko taki ko dabba, a wanke, a bari ya bushe, gaba kuma a riƙa shimfiɗa leda mai kauri. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ƙananan huji da aka yi don ruwan da ya bi gilashi ya fita. Ƙasa na toshe su, sai ƙofar ta zama randa. Tsinken tsintsiya ya isa ya buɗe su. Yaran da ake sa wa wankin mota kuma a ce su daina tsayawa ga goge inda ake gani, su watsa ruwa saman tayoyi su kakkaɓe lakar da ta daskare, domin jar lakar nan tana kwana da kwanaki ba ta bushe ba. Kuma kada a rufa tamfol a kan jiƙaƙƙiyar mota.

Idan tsatsar ta riga ta kama, a fara gane zurfinta. A danna wurin da bakin sukundireba. In ƙarfen na nan da ƙarfinsa, aikin gida ne, maigida ko babban ɗanki zai iya. A wanke wurin a busar, a kankare da burushin waya, a bi da samfefa mai kaushi, kamar lamba 80, har sai farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, a kuma ɗan zarce gefe zuwa cikin fenti mai lafiya, domin bakin iyakar ne take ɓuya. Sai a bi da mai laushi a daidaita, a goge da tina. Akwai wani ruwan magani da masu sayar da fentin mota ke da shi, wanda idan an shafa yake mayar da ragowar tsatsar baƙa ta daina ci, yana da amfani ga 'yan ramukan da samfefa ba ta kai ba. Daga nan sai fentin ƙasa, irin jan nan da masu walda ke fara shafa wa ƙofofin ƙarfe, kuma a ranar za a shafa shi, kada a bar ƙarfe tsirara ya kwana raɓa ta sauka a kai. Idan ya bushe a bi da kalar motar shafi biyu marasa kauri. Mai aikin ya rufe hanci da ido, yara su yi nisa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, a wurin da ƙurar hunturu ba ta bugawa.

Amma idan sukundireba ta shige, kamar yadda ta shige a tamu, to sai fanalbita. A nan ne aka taɓa cutarmu. Shekara biyu kafin wannan rami, wani mai gyara ya karɓi motar, ta dawo tana sheƙi har maƙwabta na yi mana barka. Ashe fila ya cusa a kan tsatsar ya fesa fenti. Fila ba ta kashe tsatsa, ruwa ma take sha idan ya same ta ta baya. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen a yi waldar sabo, a shafe ciki da waje. Ki ce wa maigida, cikin lallashi irin namu, ya je ya ga aikin da idonsa kafin a rufe da fenti. In kuma mota za ku saya, a tafi da ɗan maganaɗisu na tsohuwar lasifikar rediyo, a naɗe shi a ƙyalle a bi gindin ƙofofi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce jibge a wurin.

Wasu na fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota. Yana ɗan kare ƙarfe, amma yana lalata robobi, yana tara ƙura, ga ɗiga a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ni dai giris na fi yarda da shi a lungunan da hannu ke kaiwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuɗin gyaran ba ne. Rami a ƙasan mota ko a but hanya ce da hayaƙin salansa zai shigo, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, sai dai ki ga yara suna ciwon kai ko barci ya kwashe su, ki ce gajiyar hanya ce. Sannan bakin ƙarfen da ya ruɓe yana yanka. Idan ya yanki yaro a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, wato sarƙe-haƙora, domin ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, kuma su ne ke manne a irin wannan ƙarfe.

Tamu motar kwana huɗu ta yi a gareji, an yanke faranti biyu an sa sababbi. Kafet ɗin baya kuwa har yau ban bari an manne shi ba, don in riƙa ɗagawa duk ranar Juma'a idan yara sun gama wanki. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.