Ruwan Da Ya Haɗa Mu Da Maƙwabta: Kada Mu Tauye Mudu

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san irin rigimar da ta kan tashi tsakanin mai gonar sama da mai gonar ƙasa. Na sama in ya ga dama sai ya datse ruwa, shukar na ƙasa ta bushe. In kuwa ruwan ya yi masa yawa, sai ya fasa datsiyar da dare, na ƙasa ya wayi gari ya tarar albasarsa ta nutse. A ƙauye maganin wannan ba wuya, a kan tafi gaban dagaci ne ya raba musu kwanaki. To, irin wannan zama shi ne tsakanin ƙasashen da kogi ɗaya ya ratsa, sai dai su ba su da dagacin da zai tsawata musu. Abin da suka shirya da kansu, suka kuma riƙe da amana, shi kaɗai ne alƙalinsu.

Abin da mu ke so masu karatu su lura da shi shi ne, Nijeriya tana zaune a wuri biyu ne cikin wannan sha'ani. A kan manyan kogunanta biyu, ita ce ta ƙasa. Kogin Kwara daga duwatsun Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi gefen Binin, sa'an nan ya shigo mana ta ƙasar Kabi, tsawonsa duka wajen mil 2,600. Binuwai kuwa daga Kamaru ya fito, ya bi ta Garwa da Yola, ya tarar da Kwara a Lokwaja. Amma a kan waɗansu ƙananan koguna na Arewa, mu ne na sama. Ruwan Kano da na Bauci, watau kogin Haɗejiya da na Jama'are, su suka haɗu suka zama Komadugu Yobe, wanda mutanen Difa a Nijar su ke noman tattasai da shi. Kogin Gada na ƙasar Katsina kuma shi ne ya ke zama Gulbin Maraɗi da zarar ya ƙetare iyaka. Sabo da haka duk abin da mu ke nema daga Kamaru da Nijar, akwai waɗanda su ke neman irinsa daga gare mu. Kowane almajiri kuwa ya san kashedin da addini ya yi game da tauye mudu.

Shugabannin farko sun gane wannan tun da wuri. Cikin watan Oktoba 1963 ƙasashen da Kwara da rassansa suka ratsa suka taru a Yamai, suka sa hannu a kan takardar zirga-zirgar jiragen ruwa da taimakon juna, cikin 1964 kuma suka kafa hukumar kogin. Cikin 1980 aka sake mata fasali aka ƙara mata iko, da ƙasashe tara a cikinta: Gini, Mali, Nijar, Binin, Barkina Faso, Kwaddebuwa, Kamaru, Chadi da Nijeriya. Haka kuma ran 22 ga Mayu 1964, a Fort Lamy, wadda a ke kira Injamena yanzu, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Ahijo da Diori Hamani da Tombalbaye suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. Abin mamaki, a sa'an nan ruwa bai yi ƙaranci ba. Tafkin yana cike, faɗinsa ya kusa murabba'in mil 10,000. Sun yi shirin rani ne tun damina ba ta ɗauke ba.

Ranin kuwa ya zo. Farin da aka yi cikin shekarun 1970 da na 1980 ya janye tafkin har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba, ko da ya ke ya ɗan farfaɗo daga baya. Cikin watan Yuni 1985 kogin Kwara da kansa ya daina gudu a Yamai. Da ruwan tafki ya ja da baya, masunta da manoma suka bi shi, ba wanda ya tsaya neman turakun iyaka a cikin taɓo. Nan muka ga hanya biyu da ƙarshen kowacce. Cikin 1983 sojan Nijeriya da na Chadi suka gwabza a kan tsibiran da suka fito, aka yi asarar rayuka, tafkin kuwa bai ƙaru da ko moɗa ɗaya ba. Maganar Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda 'yan Nijeriya suka zauna, ita kotun duniya ta yanke cikin 2002, ta ce ƙasar Kamaru ce, aka kuma miƙa ta cikin Disamba 2003 ba tare da an harba bindiga ba. Hukuncin ya yi wa waɗansu ɗaci, amma ba a binne kowa sabo da shi ba.

Bari mu duba inda mu ke na ƙasa. Kamaru ta gama madatsar Lagdo a kan Binuwai cikin 1982. In damina ta yi ƙarfi madatsar ta cika, tilas a buɗe ƙofofinta, in ba haka ba ta fashe. Cikin 2012 ruwan da aka saki ya haɗu da ruwan sama mai yawa, ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya bisa ga lissafin hukuma, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. Cikin 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600. Jama'a da yawa suka ɗora wa Kamaru laifin duka. Amma gaskiya ɗaya ce: mafi yawan ruwan nan a cikin ƙasarmu ya sauka, madatsar Dasin Hausa kuma ta ƙasar Adamawa, wadda aka daɗe ana maganar za ta tare abin da Lagdo ta saki, har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. Haƙƙinmu a kan Kamaru shi ne ta faɗa mana kafin ta buɗe, ta kuma buɗe sannu sannu. Cikin Agusta 2023 ta aiko da takarda game da buɗe ƙofofin, aka sanar da jihohin da ke bakin kogi. Wannan takarda guda ta fi jawabai ɗari amfani.

To, yanzu sai mu juya mu dubi kanmu. An gama madatsar Tiga cikin 1974, ta Challawa cikin 1992. Ba mu musun amfaninsu, gama su su ke shayar da birnin Kano, Tiga kuma ita ke ciyar da noman rani na Kadawa. Amma ruwan da ya kan malale fadamun Haɗejiya da Nguru ya ragu ƙwarai, kuma wani ɓangare na abin da ya ke wucewa Gashuwa da Gaidam zuwa Difa ya zama a hannun mai buɗe ƙofa a Kano. Haka nan madatsar Jibiya a kan Gada: manomin Maraɗi da na Tibiri damuwarsu da ita daidai ta ke da damuwar mutumin Yola da Lagdo. A nan akwai abin lura. Gulbin Maraɗi bayan ya zaga cikin Nijar sai ya komo Nijeriya ta ƙasar Gobir, ya faɗa Rima. Ashe wanda ya hana Maraɗi ruwa ya hana Sabon Birni. Nijar ma tana da nata: ta yi madatsu a kan Maggiya domin noman rani a Ƙonni, mutanen Kalmalo wajen Illela suka ga tafkinsu yana ƙafewa.

Domin irin wannan ne ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa cikin 1971, suka kuma sa hannu a kan yarjejeniya a Maiduguri cikin Yuli 1990 game da koguna huɗu: Maggiya, da Gada, da Tagwai, da ƙarshen Komadugu Yobe. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne kowa ya sami rabo na adalci, a riƙa musayar labarin awon ruwa, kuma kada wani ya fara babban aiki sai ya shawarci ɗan'uwansa. Ƙasashen Kwara tara su ma sun amince da irin waɗannan sharuɗɗa a Yamai cikin 2008. Takardu dai ba su yi mana kaɗan ba. Aiki da su ne ya ke tafiyar hawainiya.

Akwai kuma wani abu da ya wajaba mu faɗa, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. An gama madatsar Kainji cikin 1968, kuma tun cikin shekarun 1970 Nijeriya ta ke sayar wa Nijar wutar lantarki. Manyan ma'aikatanmu sun sha faɗa da bakinsu cewa hikimar wannan ciniki ita ce kada Nijar ta ga tilas ta datse Kwara a sama da mu. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan ta ke zuwa. Da soja suka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba a mayar ba sai cikin Maris 2024. Masu goyon bayan wannan sun ce ba yadda za a yi a ƙyale soja su tumɓuke zaɓaɓɓiyar gwamnati ba tare da sun ji a jikinsu ba. Mun ji wannan hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Amma wa ya ji a jikinsa? Majinyaci a asibiti, da tela, da mai injin niƙa. Sojan kuwa ba su sauka ba. Abin da wata bakwai na duhu ya koya wa kowane Banijare shi ne wutar da ke hannun maƙwabci ba abin dogara ba ce. Nijar ta aza harsashin madatsar Kandaji cikin 2008, fiye da mil 100 sama da Yamai, aikin ya yi ta tsayawa yana tashi. Bayan 2023 wane ne a Yamai zai tashi ya ce a dakata da ita domin Nijeriya?

Kandaji ba lalle ta zama sharri gare mu ba. Cikin abin da aka tsara ta dominsa har da sakin ruwa da rani, don kada kogin ya sāke tsayawa kamar 1985. In an zauna an shirya yadda za a cika ta da yadda za a riƙa saki, Kainji da Jebba ba za su rasa ba. In kuwa ba a zauna ba, sai abin da muka gani. Mali da Barkina Faso da Nijar sun fita daga ECOWAS cikin Janairu 2025, amma fitarsu ba ta sauya wa kogin hanya ba.

Wanda ya ke tsammani maganar ruwa ba ta iya tsira daga faɗan siyasa, to, ya dubi kogin Sanagal. Mali da Muritaniya da Sanagal sun kafa ƙungiyarsa cikin 1972, Gini ta shiga cikin 2006. Madatsar Manantali a Mali ta ke, ta Diyama kuma kusa da bakin teku, amma dukansu mallakar ƙasashen ne tare: tare suka ci bashin gini, tare su ke raba wuta da ruwa. Cikin 1989 mummunar tarzoma ta tashi tsakanin Sanagal da Muritaniya, aka kashe mutane, aka kori dubbai, aka yanke hulɗar jakadanci har 1992. Duk da haka ƙungiyar kogin ba ta rushe ba, domin kowa yana da dukiya a ciki, ba mai so ya ƙona rumbun da hatsinsa ke ciki.

Sabo da haka muna roƙon Gwamnati abu uku. Na farko, ta ɗauki alkawari a fili cewa ruwa da wutar da a ke samu daga ruwa ba za su sāke shiga cikin takunkumi ba, kome zafin saɓani. Na biyu, irin sanarwar da mu ke nema daga Lagdo, mu riƙa aika irinta zuwa Difa da Maraɗi kafin a buɗe ko a rufe Tiga da Challawa da Jibiya, a kuma bar wa na ƙasa wani abu da rani. Na uku, a biya kuɗin da ke kanmu na hukumomin nan a kan kari, a gyara ma'aunan ruwa na bakin koguna, gama ba a raba abin da ba a auna ba.

Ku kuma akawuna da malaman makaranta, kada ku ce wannan maganar manya ce. A zamanin En'e, a wurare da yawa akawun gunduma ko malamin makaranta shi ya kan duba ma'aunin ruwan sama kowace safiya ya rubuta a littafi, da irin waɗannan littattafai ne masana su ke gane yadda damina ta sauya. Wakilin da ya tafi taro a Yamai ko Injamena ba shi da abin da zai aza a kan tebur sai lissafin da wani ƙaramin ma'aikaci ya rubuta da gaskiya. Takardar gargaɗin ambaliya kuma, in ta kwana uku a cikin fayil kafin ta kai ga hakimi da dagaci, daidai ta ke da wadda ba a aiko ba. Malami in ya zo koyar da labarin ƙasa, ya sa yara su bi kogin garinsu da yatsa a kan taswira, daga inda ya taso har inda ya ƙare, su faɗi sunan garuruwan da ke sha kafin su, da waɗanda ke jiran abin da suka bari. Yaron Jibiya da ya san ruwan garinsu ya kan je Maraɗi ya komo Gobir, in ya girma ya riƙe ofis, zai yi tunani kafin ya sa hannu a rufe ƙofa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu da na maƙwabtanmu haƙurin zama da juna, amin.