Ku Bar Yara Su Yi Fentinsu

Jama'a, wasu iyaye a Wad Madani sun tasa yara a gaba saboda fenti. Yaro ya sayo fuskar roba ta Spider-Man, ya kankare ta don fenti ya kama, ya datse hannun riga, ya rataya mata layun kwali. Sai a ce ya ɓarnatar da kuɗi, ya bar al'ada.

Wace al'adar? Ƙasar da kakanninmu suka baro zuwa Maiurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ai ƙasar tashe ce. A Kano, daga goma ga Azumi, yara kan manna gemun auduga, su shafa gawayi, su yafa tsumma, su zama tsofaffi ko bokaye. Kayan tashe haɗa su ake yi. Mai fentin nan jikan 'yan tashe ne.

Garin da ya sha yaƙi daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 ba takobin roba ne damuwarsa ba. Abu ɗaya zan hana: shafa wa bindigar roba baƙin fenti. Mai gadin shinge da dare ba ya tsayawa tambaya.